Abin da Ke Ƙwanƙwasawa a Ƙarƙashin Motata

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dakoro, ni da yayata, a tsohuwar motata kat-kat wadda kwananta biyu kacal da fitowa daga garaji. Masu tambayar me ya sa na yi shiru makon jiya, ga dalili. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Tungar mahaifinmu za mu, can ɓangaren Ɗan Gulbi, mu ɗauko tsoho mu dawo gari. Amma na daɗe ban yi tafiyar da ta ba ni tsoro irin wannan ba.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe idanun Baba. Da farko yana gane mutum daga nesa, daga baya sai an matso, a ƙarshe sai da murya. Duk lokacin da muka yi masa maganar aiki, amsarsa ɗaya ce: idon da ya shekara tamanin ya ga abin da zai gani. To, sai ga likitocin ido sun sauka a asibitin Dakoro na 'yan kwanaki, kuma ranar nan ita ce ta ƙarshe ta rubuta suna, da azahar za a rufe. Yayata ta yi kwana huɗu tana lallashinsa a waya kafin ya ce to. Mun san halin tsohonmu. Ko kaza ce ta gitta a hanya zai ce Allah bai nufa ba, kuma daga ranar an rufe zancen har abada.

Ita kuwa motar, dole in faɗi tarihin gyaranta. Injinta ya gaji, yana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, yana shan baƙin mai kamar fura. Wanda ya sauke shi ya sake ɗaura shi autanmu ne. Tun yana kolej ya ajiye littafi ya tafi Maradi koyon gyaran mota, abin da ya ɓata wa Baba rai ƙwarai, ni ma da nake malamin lekol, wato makarantar boko, ban ji daɗi ba. Bara ya dawo ya buɗe ɗan garajinsa a bayan tasha. Ban taɓa kai masa motata ba. Ina wucewa ta gabansa in ɗaga masa hannu in kai ta wurin wani. Yayata ce ta tsare ni ta ce abin kunya ne, mutanen gari na kai masa, ɗan'uwansa na gudunsa. Na ba shi, amma zuciyata ba ta ba shi ba.

A kan kwalta dai babu abin cewa. Mota ta miƙe kudu tana tafiya sumul, ba hayaƙi, ba tari. Lokacin kaka ne, gari ya waye da sanyi mai daɗi. Kafin mu kai Birnin Lalle mun wuce amalanke sun fi a ƙirga, kowace an lafta mata damman hatsi har jakin ba ya ganuwa sai ƙafafu. Garken jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun fara gangarowa daga arewa, suna tsallaka hanya a natse kamar su suka shimfiɗa ta. Manoma kuma na ta hanzarin kwashe abin da ya rage a gona kafin baƙin nan su iso. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san wannan tseren na kowace shekara.

A Ajekoriya muka tsaya karin kumallo. Jandarma ya duba takardu, ya leƙa cikin mota, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na zauna wurin mai shayi na ci ƙosai mai zafi wanda aka barbaɗe da yaji har sai da na yi hawaye. Yayata ta tafi cinikin cuku wurin wata Buzuwa. An ce mata dala hamsin, ta ce a garinsu talatin ne, alhali garinsu Dakoro ne, inda ya fi nan tsada. Sun rabu suna dariya, kowa na ganin ita ta ci riba. Da ta dawo ta daki murfin mota ta ce, “Ka ji yadda take tahiya? Wanga aikin ɗan'uwanka ne, mai raina nasa.” Na yi kamar ban ji ba.

Kaɗan bayan garin muka sauka daga kwalta muka kama hanyar yashi. Ba hanya ba ce ta gaske, sawun amalanke ne da na babura, ta ratsa gonaki, ta bi tsakanin sabara da kalgo, ta hau tudu ta gangara. A tudu na farko, da na taka mai don mota ta ja, sai na ji shi.

Ƙwaf. Ƙwaf. Ƙwaf-ƙwaf-ƙwaf.

Ƙara ce mai nauyi, daga ƙasa, kamar ana buga taɓarya a gindin turmi. Har a tafin ƙafata na ji ta. Na ɗaga ƙafa, ta ɗauke. Muka gangara fili, shiru. Na ce a raina ƙila dutse ne. Muka zo tudu na biyu, na taka, ta dawo, wannan karon da ƙarfi.

Ni ba makanike ba ne, amma na taɓa zama a motar wani abokina ranar da injinta ya yi irin wannan kukan. Bai tsaya ba, ya ce za mu kai. Ba mu yi nisa ba wani ƙarfe ya faso cikin injin ya fito waje, baƙin mai ya malale a ƙasa, motar nan ba ta sake tashi ba. Masu gyara suka ce kusine ne ya ci, wato 'yan ƙarafan da ke tallafe da sandar da ke juyawa a cikin inji. Suka ce in aka ɗaura su ba daidai ba, haka suke yi. Wannan maganar ce ta faɗo mini, ita kaɗai, ba wata.

Na tsaya na buɗe kapo, na tsura wa inji ido kamar zai gaya mini abin da ke damunsa. Yana ta aikinsa lafiya lau. Na zaro sandar auna mai, mai yana nan cif. Jar fitilar mai ba ta kama ba. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani a kan waɗannan. Ni kuwa na riga na yanke hukunci tun a tudun farko. Na hau wani tsauni na yashi ina ɗaga waya sama har na sami rezo, na kira Auta.

Ya ɗauka da fara'a, yana tambaya ko mun isa. Na ce ya saurara, injin da ya ɗaura yana bugawa. Muryarsa ta sauya nan take. Ya ce, “Yaya, jar hitila ta kama? In mota na tsaye shina yi, ko sai tana tahiya?” Ban amsa ko ɗaya ba. Na ce na ba shi amanar inji ya mayar mini da shi tarkace. Na ce da ma na sani. Na ce yau in Baba ya rasa aikin idonsa, shi ne sila. Har na ƙara da abin da ya fi duka muni, na ce da ya zauna lekol da bai zama mai ɓata kayan mutane ba. Ina jin ƙarar guduma a bayansa. Sai rezo ya ɗauke.

Na sauko na tarar da yayata a tsaye ta riƙe ƙugu. Ta ji komai, don a dajin nan murya na tafiya. Mace ce da ba ta rasa abin faɗa, amma ranar nan juyawa kawai ta yi. Ta buɗe ƙofa ta shiga ta zauna. Na fi son a ce zagina ta yi.

Mun fi kusa da tunga a kan kwalta, don haka na ce mu lallaɓa gaba. Na riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. A fili shiru, a yashi mai zurfi ƙwaf-ƙwaf, a tudu kuwa har sai na ji haƙorana na amsawa. Kowane bugu ina jiran ya zama na ƙarshe. Mun haɗu da wani manomi a kan jaki, ya saurara da kyau, ya ce tabbas an zuba mini gurɓataccen man gazuwal. Gaba kaɗan wani mai babur ya ce a'a, irin wannan ba ya gyaruwa, in sayar da ita tun tana motsi. A ƙasarmu ba a rasa likitan mota, ko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba yana da magani.

Tafiyar da na saba yi cikin sa'a guda ta ci mana biyu da wani abu. Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka hango rumbunan tunga.

Baba na zaune a gindin aduwar ƙofar gida, cikin farar rigarsa ta Juma'a, da 'yar jakarsa a kan cinya, sandarsa a jingine. Matar ɗan'uwanmu da ke kula da shi ta ce tun asuba yake nan, ko fura ya ƙi sha wai kada ta dame shi a hanya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Bai bari mun gama ba ya ce, “Tun daga tudun rijiya nike jin motarka na kuka. Mi ya same ta?”

Na ce inji ne, kuma ba na jin za ta mayar da mu. Na fara lissafin amalanke zuwa bakin kwalta, daga can mu jira motar haya. Ni kaina na san ba za mu kai kafin azahar ba. Babur kuwa, tsohon da ba ya gani ba zai jure wannan yashin a bayansa ba. Na ga hannunsa ya sauka daga kan jakar. Ya yi ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce, “To, shi ke nan. Allah bai nu...”

Yayata ta tare shi. “Baba, ashe ba kai ne direba ba? Shekara nawa kana jan babbar mota zuwa Agadas? Yau mota na kuka ƙohwar gidanka, kana zaune, sai mu tahi neman jaki? Ko dai kunnen ma ya bi idon?”

Ban taɓa jin wani ya yi wa Baba magana haka ba. Na sunkuyar da kai ina jiran tsawa. Gaskiya ne, kafin ya dawo noma ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙin manyan motoci a hanyar arewa, zamanin da in mota ta lalace a hamada kai ne garaji, kai ne makanike. Wahalar da ya sha a can ce ta sa ya rantse 'ya'yansa sai biro. Sai ya lalubo sandarsa ya miƙe.

“Kai ni wurinta,” in ji shi.

Na kama hannunsa na ɗora a kan mota. Ya ce in zaro sandar mai in ba shi. Ya shafa man a yatsu biyu, ya murza a hankali, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce in ɗiga kaɗan a tafin hannuna in fita rana in duba, ko zan ga wani abu na ƙyalli kamar garin zinariya. Na duba, na sake dubawa. Babu. Ya ce in kusine ne ke ci, da garin ƙarfe ya fito a mai, da shi ma ya ji shi a yatsa.

Ya ce a tayar. Yayata ya sa ta zauna a kujerar direba, ita da ba ta taɓa taka komai a mota ba sai tabarmar ƙasa. Na nuna mata abin takawa. Baba ya ce ta taka sannu. Ta taka har ƙasa, mota ta yi ruri, kajin gida suka watse, wata akuya ta tsinke igiya. Baba ya ce, “Ke! Ba daka aka sa ki ba!” Duk da halin da muke ciki sai da na yi dariya. A karo na uku ta gane.

Sai ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauki sandarsa ta tafiya, ya ce in dafa masa ƙarshenta a jikin inji, shi kuma ya manna ɗaya ƙarshen a kunnensa. Na dafa a sama, ya saurara. Ya ce in sauko. Na sauko tsakiya, na sauko ƙasa, na koma gaba, na dawo baya, ina kaffa-kaffa da farfela. A kowane wuri sai ya ce a taka, a saki, a taka, a saki. Mutanen tunga sun taru sun yi shiru kamar ana huɗuba. Ya rufe idanun da da ma ba sa gani, bakinsa na ɗan motsi.

Ya sauke sandar. “Cikin injin ga lahiya lau yake. Ko ɗan tsaki babu.”

Na ce amma Baba da kunnena na ji, shi ma ya ji. Ya ce ai bai ce babu ƙara ba, cewa ya yi ba a ciki take ba. Ya tambaye ni ko tana yi in mota na tsaye. Na ce a'a. A gangara fa? A'a. Sai in tana ja? Na ce sai in tana ja. Tambayoyin da Auta ya yi mini ne a waya, kusan kalma da kalma, waɗanda na ƙi amsawa.

Ya ce yayata ta fito in shiga. In ja birkin hannu da ƙarfi, a sa duwatsu a gaban taya, in sa giya ta ɗaya, in riƙa sakin kuloci sannu sannu kamar zan tashi, amma kada in tashi. Shi kuma ya tsuguna a gefe, ya dafa ƙarfen jikin mota da tafin hannu. Na saki kaɗan. Inji ya yi nishi, ya karkata gefe guda.

Ƙwaf-ƙwaf-ƙwaf.

“Tsaya! Ga ta nan.” Ya buga ƙasa da sanda. “Inji in shina ja, murɗawa shike yi bisa mazauninshi. Wanga in ya murɗa, wani abu shike duka daga ƙasa. Shiga ka gani.”

Na kashe mota na kwanta na shiga ƙarƙashi da rigata ta fita. Wanda bai taɓa kwanciya a kan ƙarangiyar kaka ba bai san abin da ake kira tuba ba. Ta kama ni daga wuya har agara. Amma ina ɗaga ido na manta da ita. A ƙarƙashin injin akwai wani faranti na ƙarfe, mai kare tukunyar mai daga duwatsu da kututture. Farantin ya lanƙwashe sama a tsakiya, tsakaninsa da tukunyar ko takarda ba za ta wuce ba. A daidai wurin ƙarfen ya goge yana ƙyalli kamar sabon kwano.

Na daɗe a kwance ina kallonsa. Ba don ban gane ba, sai don na gane sarai.

Ranar da na karɓi mota, Auta ya nuna mini farantin nan a jingine da bango. Ya ce ya lanƙwashe tun da daɗewa, bai mayar ba, in bar masa shi zai miƙar da shi in ya sami sarari, mota za ta yi tafiyarta ba shi. Ni kuwa na ga kamar ƙyuya ce irin ta masu gyara. Jajibirin tafiya da la'asar na bi ta garajin ba ya nan, na ɗauki abina, na kai wa wani mai walda a bakin kasuwa na ce ya ɗaura mini. Mutumin har ya ce kamar ya matse da yawa. Na ce ya ɗaura kawai, sauri nake. Daga nan na manta da zancen ɗungurungum, don a ganina ba gyara ba ne, ɗaura noti huɗu ne.

Daga waje Baba ya ce, “Ka mutu ne a ciki?”

Na fito ina cire ƙarangiya, na faɗi gaskiya a gaban kowa. Yayata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Allah sarki.” Kalma biyu, amma sun fi ƙarangiyar shiga jiki.

Kwance farantin bai ɗauki lokaci ba. Noti uku suka fito salin alin, na huɗu ya ƙi, sai da wani maƙwabci ya kawo guntun bututu muka ƙara wa kile, abin kwance notin, tsawo. Muka jefa shi a bayan mota. Na sake gwajin birkin hannu, inji ya yi nishi, ya karkata, shiru. Na sake, shiru. Wallahi ban san lokacin da na kifa goshina a kan sitiyari ba. Aka miƙo mini kwanon fura da nono mai sanyi, na shanye a tsaye, ban taɓa shan mai daɗinta ba. Baba ma ya karɓa ya kurɓa, ya ce yanzu ya yarda za a tafi.

Shi ya zauna gaba. Ya ce kada mu koma ta inda muka zo, akwai wata hanya ta bayan fadama, ta fi tsawo kaɗan amma ƙasarta da ƙarfi. Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa shi ya riƙa nuna mini hanya, yana cewa in na ga gawo biyu a jere in yi dama. Kuma ga gawon nan biyu. Ya sauke gilashi ya karkata kai waje. Can ya ce, “Wa ya ɗaura injin ga? Mutanen Maradi?”

Yayata ta amsa daga baya. “Autanka.”

“Shi da wa?”

“Shi kaɗai.”

Muka ci gaba har muka hau kwalta. A nan ne na so in taka don rana ta kusa tsakiya, ya dafa gwiwata ya ce, “Sannu. Sabon ɗauri ne, ba a yi mashi gaggawa. Kada ka ɓata ma yaro aiki.”

Mun shiga asibiti ladan na gyaran murya. Tsofaffi ne cike da rumfa, maza da mata, Hausawa da Fulani da Buzaye, kowa da mai ja masa gora. Ma'aikaciyar da ke rubuta suna har ta fara tattara takardunta. Yayata ta isa gabanta kafin in gama kashe mota. Ban san abin da ta gaya mata ba, na dai ga ta sake buɗe littafi. Bayan Baba mutum biyu kawai aka ƙara.

Washegari da safe aka yi aikin ido ɗaya, aka ce ɗayan sai wani zuwan. Kwana ɗaya ya yi da bandeji. Auta na zuwa safe da yamma da kwanon abinci, ya gaishe ni yadda ya kamata, ba ya haɗa ido da ni. Ni kuma kullum sai in ce bari ya dawo in yi masa magana, in ya dawo sai in sami abin dubawa a waya. Ranar aikin ne matar ɗan'uwanmu ta kira daga tunga tana tambayar jiki. A cikin hira ta ce ai ba mu daɗe da tashi ba Auta ya iso a kan babur, da buhun kayan aiki a baya da galan ɗin baƙin mai, jikinsa duk yashi don ya faɗi a hanya. Ashe ina gama zaginsa ya rufe garaji ya biyo sawunmu. Da yake mun dawo ta bayan fadama, sai muka saɓa. Aka ba shi labarin faranti, ya sha ruwa, ya juya. Bai gaya wa kowa ba.

Da aka cire bandejin, Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi yayata ya daɗe, ya ce, “Ke, yaushe kika tsuhwa haka?” Ta fashe da kuka tana dariya. Ya dube ni ya ce gemuna ya fi nasa furfura. Sannan ya ce kafin a kai shi ko'ina, a kai shi garajin.

Mun tarar da Auta a ƙarƙashin wata motar haya, ƙafafunsa kawai a waje. Baba, da baƙin tabarau ɗin da aka ba shi, ya zaga wurin a hankali. Ya dubi kilolin da aka rataye a bango bi da bi daga ƙarami zuwa babba, ya shafa su. Aka kawo masa kujera ya ƙi, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Auta ya fito ya durƙusa yana goge hannu a wando, ya ƙi miƙa hannun don maiƙo. Baba ya kamo shi da kansa ya riƙe. Ya ce, “Na saurari aikinka. Allah shi yi albarka.” Sannan ya juyo gare ni. “Kai kuma kana da magana.”

Na yi maganar. Ban taƙaita ba, na maimaita abin da na faɗa masa a waya ɗaya bayan ɗaya, na ce ban da gaskiya a ko ɗaya, ya yafe mini. Masu jiran gyara na ji, ban damu ba. Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da tsumma. Ya ce, “Ba komai, Yaya. Ni ma da na ji, sai da na tsorata. Hanya duka ina ta tuna ko akwai notin da ban ɗaure ba.” Sannan ya ce, “Ina hwarantin?”

Yana bayan mota tun ranar. Ya ɗora shi a kan guntun ƙarfen layin dogo, ya ba ni in riƙe, ya riƙa dukansa da guduma har ya miƙe. Kowane bugu sai ya ratsa hannuna har kafaɗa, ina kuma zargin ya ɗan ƙara ƙarfi da gangan. Ya mayar da shi da tazarar yatsu biyu. Baba na daga kan tayarsa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema.

Da la'asar na kai tsoho gidan yayata, inda zai zauna har idon ya warke, na wuce gida. Na kashe mota a ƙofa na ɗan zauna a ciki kafin in shiga.

Ga abin da na taho da shi, ga duk wanda motarsa ta fara bugu bayan gyara. Ka tsaya, kada ka yi jarumta. Ka dubi jar fitila, ka dubi mai a rana. Ka lura ko tana yi a tsaye ko sai tana ja, don ba kowace ƙara ce daga cikin inji take ba, ko da ta yi kama. In mai gyara ya yi maka tambaya, ka amsa masa, ba gardama yake nema ba. Kuma kafin ka hau tudu neman rezo don ka zagi wani, ka zauna a inuwa ka tuna wa ya taɓa motar daga ƙarshe. Ni da na tuna, hawan tudun ma da ban yi ba.